Jawabin Taron Ƙungiya: Abin Da Ya Sami Makau

Malam Shugaba, dattawanmu, malamai, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa mazauna Shadawanka, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Bayan haka, mu dai 'yan kasuwa ne, karatunmu bai wuce na Islamiyya ba. To amma tun da an ce mu ɗan yi tsokaci a kan wani littafi, sai muka zaɓi na ɗan gida, wato Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan cikin garin Bauchi. Ya rubuta shi yana malamin makarantar Midil ta Bauchi, ya shigar da shi gasar ƙaga labarai ta 1933, aka buga shi a 1934.

Kowa Umar ya fi tunawa. Mu yau a kan Makau za mu tsaya, wato mijin mahaifiyarsa. Makau bafade ne da Sarkin Kagara ya amince da shi ƙwarai, wannan kuwa shi ya jawo masa baƙin jini wurin 'yan'uwansa fadawa. Da aka komo daga hari, sai suka ƙulla masa sharri, wai ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo. Sarki ya hau kan maganar ya zauna, aka kore shi daga gari.

To jama'a, ku dubi yadda mutumin nan ya sauya. Da can tinƙahonsa doki da takobi da kusanci da sarki. Rana ɗaya ya wayi gari ba ko ɗaya. Bai tsaya neman ramuwa ba, ya rungumi ƙaddara, ya kama hanya har Makarfi, inda aka karɓe shi hannu bibbiyu, ya kafa gida, ya aika a ɗauko masa iyalinsa. Marubucin kuma bai mai da shi waliyyi ba. Makau da hannunsa yake kamo 'ya'yan wasu, ga shi bautar ta zagayo ta faɗa gidansa. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Domin kuwa korar nan ce ta raba gidan. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, aka sace Umar a bayanta. Daga hannu zuwa hannu sai Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar. Ita kuma garin neman ɗanta ta faɗa bauta, ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus, tana gab da rasuwa. Ƙazafi ɗaya ke nan, na 'yan mintoci a fada.

Amma ku lura da wani abu. Duk inda rayuwar mutanen nan ta gyaru, wani ne ya karɓi baƙo. Abdulkarim ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. A ƙarshe Rauta ya zauna, nan ƙasar Bauchi, kuma da wani almajirinsa bai tambaye shi asalinsa ba, da ba wanda zai san wuyar da ya sha.

Wannan magana tamu ce. Iyayenmu daga garuruwa daban-daban fatauci ya kawo su, aka ba su masauki. Yau kuma mu ne, da an ce yaron shago ya taɓa ciniki, ko ɗan haya ba a gane take-takensa ba, sai kora, ba a ji ta bakinsa ba. Wa ya san uwa ko ƙannen da ke ci daga hannunsa? Alhali Suratul Hujurati ta hore mu da bincike kafin mu yi aiki da labarin da aka kawo mana.

Saboda haka muna roƙon shugabanni, duk wanda aka kawo ƙararsa gaban ƙungiya, a zaunar da shi a ji nasa bayanin tukuna. Allah Ya kare mu daga sharrin mahassada, Ya ji ƙan magabatanmu, amin. Wassalamu alaikum.