Jawabi a Kan Hafsoshin Ruwa Biyu na Ingila, da Abin da Ya Haɗa Su da Ƙasar Gobir

An umurce ni in yi magana a kan aikin hafsan jirgin ruwa na Ingila. Wani zai ce, ina ruwan mutumin Isa da Sabon Birni da teku? To, ku yi mini haƙuri kaɗan, gama ɗaya daga cikin hafsoshin nan ya taka ƙasar nan tamu da ƙafarsa, har ya rubuta abin da ya gani.

Sunansa Hugh Clapperton. An haife shi a Annan, cikin ƙasar Sikotilan, a 1788. Yana da shekara 13 ya shiga jirgin fatake, daga baya aka ɗauke shi cikin mayaƙan ruwa. Ya yi yaƙi da Faransawa, ya yi aiki a manyan tafkunan Kanada, ya sami muƙamin laftana. Da yaƙi ya ƙare aka mai da shi gida a kan rabin albashi a 1817. Ba shi da jirgi, ba shi da aiki, sai ya karɓi tafiyar da mutane da yawa ke gudu.

A 1822 suka taso daga Tarabulus, shi da Denham da likita Oudney, suka ƙetare Sahara, suka iso Kukawa a 1823. Oudney ya mutu kusa da Katagum. Clapperton ya wuce Kano, yana amsa sunan Abdullahi, sa'an nan ya nufo Sakkwato. Ku tuna, Alƙalawa ta faɗi tun 1808, amma Gobirawa ba su aje baka ba, Sabon Birni kuwa ba a kafa shi ba tukuna. Saboda haka hanyar dajin Gundumi ba ta biyuwa sai da rakiya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko da mahaya suka tarye shi, suka ratsa daji da shi cikin sauri da ƙishirwa, ya shiga Sakkwato a watan Maris 1824. Waziri Giɗaɗo ya sauke shi. Bello ya yi masa tambayoyi a kan taurari da ɗariƙun Nasara, har baƙon ya yi mamakin zurfin karatunsa. Aka ba shi taswirar ƙasa da wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila, ya koma gida a 1825, aka ƙara masa girma ya zama kwamanda.

Bai daɗe ba ya komo, wannan karon ta bakin teku. Ya taso daga Badagiri a watan Disamba 1825, ya bi ta ƙasar Yarabawa da Busa, ya iso Kano. A watan Oktoba 1826 ya iske Bello a sansani, rundunar Sakkwato ta kewaye Konya, inda Gobirawa suka yi ƙarfi a lokacin. Ya ga yaƙin da idonsa. Ya rubuta cewa Gobirawa ba su ɓarnar kibiya sai sun ga wurin sa ta, kuma bindiga guda da ke cikin garin ta ka da na gaba cikin masu lifidi. Ya rubuta labarin wata tsohuwa Bazamfara da ta riƙa kewaya fage a kan doki, da gorunan ruwa, tana shayar da masu rauni da masu ƙishi. Rundunar ta janye, garin bai faɗi ba a ran nan.

Amma zamani ya sāke masa. Sakkwato da Barno suna gaba, shi kuwa yana ɗauke da kyauta da wasiƙa zuwa ga Shehu Laminu. Bello ya hana shi wucewa, aka karɓe kayan, gama ba sarkin da zai bari a kai wa abokin gabansa makamai ta cikin ƙasarsa. Ciwo ya kama shi, ya mutu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827, bai cika shekara 39 ba. Baransa Richard Lander ya binne shi, ya tattara takardunsa ya kai su Ingila. Lander ɗin nan ne, da ƙanensa, suka bi Kwara a 1830 har inda ta faɗa teku.

Na biyu shi ne William Allen, mutumin Weymouth, wanda ya shiga mayaƙan ruwa a 1805. A 1832 hukumar jiragen yaƙi ta haɗa shi da Lander domin ya auna Kwara ya zana taswirarta. Jiragen tururi biyu suka hau kogin, sunan ɗaya Kwara, ɗayan kuwa Albarka, watau da kalmar bakinmu aka raɗa masa suna. Jirgin Albarka ya kai har Raba a ƙasar Nufe, amma zazzaɓi ya kashe mafi yawan Turawan da ke cikin tafiyar. A 1841 ya komo yana shugaban jirgin Wilberforce, zazzaɓi ya sāke cinye mutane fiye da 40. Allen ya tsira. Ya zama kyaftin a 1842, ya sami muƙamin adimiral a 1862, watau sarkin yaƙin jiragen ruwa, ya mutu a 1864.

Ku dubi tsarin aikinsu. A zamanin nan, in mutum ya kai kyaftin sai a sa sunansa cikin jeri, daga nan ba ya tsallake na gabansa, sai tsawon rai ya kai shi ga adimiral. Allen ya yi aiki, Allah kuma ya ba shi kwana. Clapperton ya yi aiki, kwana ya ƙare tun bai shiga jerin ba. Ashe muƙami rabo ne, amma aikin da mutum ya bari a rubuce shi ke tsaya masa shaida.

Kada kuma mu ɗauki maganar baƙo dukanta gaskiya. Clapperton ya ga Gobir daga cikin sansanin masu yaƙi da ita, bai zauna da Gobirawa ya ji ta bakinsu ba. Ku alƙalai kun fi kowa sanin cewa ba a yanke shari'a da jin gefe guda. Kuma hanyar da waɗannan matafiya suka auna, ita ce 'yan'uwansu suka biyo daga baya, har Sakkwato ta faɗi a hannun Turawa a 1903.

Saboda haka ga roƙona. Wanda ke riƙe da littafin kotu, ko na haraji, ko na gunduma, ya rubuta rana da suna da adadi daidai, ya kiyaye shi daga gara da ɗigon ruwa. Wanda kuma ya sami tsoho mai sanin labarin Alƙalawa, da Gawakuke ta 1836, da yadda Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni, ya zauna gabansa da alƙalami tun yana da rai. In ba mu rubuta ba, jikokinmu za su nemi labarin ƙasarsu a littafin baƙo kaɗai.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Haza wasalam.