Yaron da Ake Kira Daƙiƙi: Ƙabila da Tawayar Koyo a Makarantun Gusau, Tsafe da Bunguɗu



An nemi mu yi magana a kan wani irin yaro wanda kowannenmu ya taɓa zama da shi a benci ɗaya. Idonsa garau, kunnensa garau, in an aike shi kasuwa ba ya ɓatar da canji, in ana tatsuniya shi ne gwani. Amma da zarar an buɗe masa littafi sai baƙaƙe su rikice masa, ya yi shekara huɗu a firamare bai iya haɗa baƙi da wasali ba. A makarantunmu sunan da ake ba shi ɗaya ne, watau daƙiƙi, maganin da ake yi masa kuwa bulala.

Masana sun daɗe da gane wannan hali. A 1887 wani likitan ido a Jamus, Rudolf Berlin, ya laƙaba masa sunan disleksiya. A 1896 Dokta Pringle Morgan na Ingila ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 wanda malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da babu wanda zai fi shi a makarantar. A 1963 kuma Samuel Kirk na Amurka ya yayata sunan da ya tattara irin waɗannan matsaloli, wanda za mu kira tawayar koyo. Ga mafi yawan masu ita, cikas ɗin yana wajen danganta sautin magana da harafin da ke wakiltarsa. Ga waɗansu kuma yana wajen lissafi ko rubutu. Basirarsu tana nan daram.

Abin da ya sa ba mu ganinsu shi ne yadda muke koyarwa. Malami ya faɗa, aji ya amsa da murya ɗaya. A ajin da ya cika maƙil, yaro mai ƙarfin hadda yana iya bin ayari har aji shida yana rera abin da ke kan allo alhali bai karanta ko kalma ɗaya ba. Sai ranar jarrabawa asiri ya tonu, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe.

To, ina ƙabila ta shigo? Ku dubi sarautun garuruwan nan uku: Sarkin Katsinan Gusau, 'Yandoton Tsafe, Sarkin Fulanin Bunguɗu. Sunayen kaɗai sun isa shaida cewa ƙasar nan mahaɗa ce ta jama'a iri-iri. Bayan jirgin ƙasa ya iso Gusau kuma, sai Sabon Gari ya cika da Yarabawa da Ibo da sauran baƙi. 'Ya'yan waɗannan duka suna shiga aji, amma in ɗayansu ya kasa karatu, fassarar da ake yi wa gazawarsa takan bi sunan gidansu.

A nan muke so mu daɗe, a kan ɗan Fulanin ruga wanda Fulatanci ya tashi da shi. Ranar da ya shiga aji ɗaya a wani ƙauyen Tsafe ko Bunguɗu, malami yana bayani da Hausa, littafi yana magana da Turanci, shi kuwa yana tunani da harshen uwarsa. Kuskure iri biyu ake yi a kansa, kuma kowanne yana da muni. Wanda lafiyarsa ƙalau, harshe ne kawai ya tare shi, sai a sa shi cikin daƙiƙai, ya ji a ransa cewa boko ba nasa ba ne. Wanda kuwa yake da tawayar koyo ta gaskiya, sai a ce ai Bafulatani ne, hankalinsa yana wajen shanu, babu wanda zai tsaya ya bincika. Tun da rikicin 'yan bindiga ya yi tsanani a jihar nan, wani nauyi ya ƙaru a kansa, domin yara sukan kwaso maganganun da suka ji a gida su jefe shi da su a filin wasa. Yaron da karatu ke ba shi wuya, ga gori a kan asalinsa, me zai dawo da shi gobe?

Ɗan manomi Bahaushe ya tsira daga matsalar harshe a shekarun farko, rubutun Hausa kuma yana da rangwame, gama kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Wahalarsa takan fito fili in an koma Turanci, inda harafi ɗaya ke da sauti barkatai. Hukuncin gida a kansa gajere ne: ba shi da kan boko, a ba shi fartanya. In mace ce, a fara zancen aure. Ɗan ɗan kasuwa ko ma'aikaci a Gusau, kowace ƙabila ce, yakan sami makarantar kuɗi da malamin darasin yamma, ko da yake shi ma sau da yawa matsi ake ƙara masa ba tare da an san ciwon ba. Ta haka burin yara ke rabuwa tun kafin su san ma'anar buri: wani yana hangen Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, wani kuwa an riga an yanke masa cewa iyakarsa aji shida.

Kada mu manta da wani abu da ya keɓanta da Zamfara. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana rage masa natsuwa da fahimta, illarta kuma ba ta gushewa. Waɗanda suka rayu sun riga sun kai shekarun sakandare, har sun wuce.

Ba a rasa dokoki ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ware babi guda domin ilimin musamman, a shekarar kuma aka buɗe kwalejin horar da malamansa a Oyo. A 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa. A Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga naƙasassu. Sai dai hankalin hukuma ya fi karkata ga makaho da kurma da gurgu, waɗanda lalurarsu ke bayyane, su ma ɗin ba a biya musu bukata ba, balle wanda tawayarsa ba ta da alama a jiki.

Roƙonmu ga Kwalejin Ilimi ta Maru da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau shi ne, kada malami ya fita daga hannunsu bai san yadda ake zaunar da yaro shi kaɗai a saurari karatunsa ba. Gwajin ba ya bukatar na'ura: a faɗi kalma, a ce yaro ya rarraba sautukanta, a nuna masa harafi ya faɗi sautinsa. Sharaɗin kawai shi ne a yi shi da harshen da yaron ya fi ji, in ba haka ba Hausarsa aka auna. A cikin zauren nan akwai masu jin Fulatanci da Yarabanci da Ibo, hutu kuma yana tafe. Muna ba shugabannin ƙungiya shawara su buɗe rajista kafin a tashi, kowa ya rubuta sunansa da harshen da yake ji da makarantar firamaren da ta fi kusa da gidansu, sa'an nan a nemi izinin hedimastoci a rubuce.