Gadon Yaro: A Auna Kafin A Saya



Maganarmu ta yau a kan makwancin yaro ce. Da yawanku kukan sayi gado a wannan kasuwa, katifa a waccan, alhali a Jibiya da ƙafa ake awo, a Maraɗi kuwa da santimita. Ku riƙe cewa ƙafa 1 kusan santimita 30 ce. Kafin ku fita, ku auna cikin gadon da igiya, ku tafi da ita.

Gadon jariri yawanci santimita 60 ne faɗinsa, tsawonsa 120. Katifar ta kasance mai tauri, ta cika gadon. In fiye da yatsu 2 suka shige tsakaninta da katako, ta yi kaɗan, fuskar jariri na iya maƙalewa a wurin, numfashi ya gagara. Tazarar sandunan gefe kada ta wuce santimita 6. Ku kwantar da shi rigingine, ba matashin kai, har ya cika shekara 1.

Da zarar yaro ya fara haurawa ta kan sanduna, ku mayar da shi gado gajere mai ƙafa 3 da 6, ko katifa a ƙasa bisa tabarma. Saman gado mai hawa biyu sai ɗan shekara 6.

Kada ku manta da gidan sauro mai magani. Ya zama ya ishi gadon, har a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta kowane gefe, domin zazzaɓin cizon sauro ya fi kashe 'yan ƙasa da shekara 5.

Masu sayarwa, ku tambayi shekarun yaro kafin ciniki. Allah Ya raya mana zuri'a.