Daga Ina Sunan Nanaye Ya Fito?

Wanda ya bi ta Gyadi-Gyadi ya karya zuwa titin gidan Zu da yamma, sai ya ji sautin fiyano yana tashi daga ɗakunan ɗaukar waƙa, 'yan amshi mata suna maimaita baiti har sai mai haɗa sauti ya ɗaga hannu. A gidajen biki na Tarauni ma, irin wannan waƙa ce ke cika lasifika. Nanaye ke nan.

Sunan nan daga dandali ya fito. 'Yan mata na gaɗa da tafi suna amsa waƙa da wannan kalma, sai aka laƙaba ta ga waƙoƙin finafinan Hausa, masu kiɗan fiyano da salon musayar baiti tsakanin namiji da mace irin na finafinan Indiya.

Kannywood kuwa ɗan jarida ne ya raɗa masa suna. Sunusi Shehu Daneji ya haɗa Kano da Hollywood a mujallar Tauraruwa a 1999, kafin sunan Nollywood ya bayyana a 2002. Haka aka yi a Hong Kong: Hans Ebert na mujallar Billboard ya fito da kalmar Cantopop a 1978, daga sunan harshen Kanton da kiɗan zamani.

Kalmar alƙalami tana da takarda da shekara. Ta bakin yara kuwa, irin nanaye, sai masana sun tashi tsaye sun tambayi iyayenmu mata, tun suna raye. Mu kwana nan.