Littafi, Alli da Kacici-kacici a Darasin Kwamfuta



An ɗora mana koyar da gina shafin intanet, alhali yawancin azuzuwanmu ba su da wuta, balle kwamfuta. Sai muka koma ga littafi da alli. Mukan rubuta alamomin HTML a allo, mu bar ɗaya ba a rufe ba da gangan, ɗalibai su nemo kuskuren. Ranar Alhamis kuwa kacici-kacici ne: wa ya ƙirƙiro HTML? Tim Berners-Lee, a cibiyar CERN ta Suwizalan. Mene ne aikin CSS? Launi da tsarin shafi.

Yaran sun haddace, mu ma haka. Amma har yau yawancinsu ba su ga shafin da suka rubuta ya buɗe ba. Muna roƙon reshenmu ya sa batun kwamfutoci da sola cikin ajandar taro mai zuwa.