KUTUTTURE BAI MUTU BA: JAWABI GA MATASA MASU BI NA YANKIN HAWANDAWAKI

Bayan an gama shigar da hatsi rumbu, matasa masu bi na garuruwan yankinmu sun taru kwana biyu, kafin masu zuwa ci-rani su kama hanya. Ga jawabin da masu kula da su suka karanta ranar rufe taron. Mun buga shi a nan domin maganar da ke ciki ta shafi kowane gida, na Kirista da na Musulmi.

Dattawanmu, iyayenmu mata, baƙinmu na Tasawa da Mayahi, ƙannenmu samari da ƴanmata, muna gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna gode wa mai gari da maƙwabtanmu Musulmi waɗanda suka ara mana tabarmi da tukwane, suka kuma ba baƙinmu wurin kwana. Allah shi saka da alheri.

Jiya da dare bayan addu'a, wani daga cikinku ya tashi ya yi mana tambaya. Ya ce, "Kullum kuna ce mana mu dogara ga Allah. To, hatsin gidanmu ba zai kai wata huɗu ba. In na zauna, me za mu ci? In na tafi, ku ce na gudu daga zumunta. Wace ce dogarar?" Ba mu amsa masa jiya ba, gama tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Mun kwana da ita. Yau ga abin da muka samu.

WAHALA BA BAƘUWA BA CE A ƘASAR NAN

Da farko, kada kowa ya yi tsammani a kansa aka fara. Kakannin kakanninmu sun ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba. Iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974, sa'ad da shanu suka ƙare. Wasunmu da ke tsaye a gabanku muna yara lokacin yunwar 1984, wadda mutane suka laƙaba wa suna El-Buhari, don a shekarar ce Najeriya ta rufe iyakarta, hanyar da muka saba bi mu sayo abinci ta toshe. Mun ci anza, mun ci tafasa ba gari. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa na daminar 2004, an ga iyaye mata da jarirai ramammu a layin wuraren ba da abinci a jihar Maraɗi. Ku da kanku kun ga rufe iyaka na 2019, kun ga na 2023, kun ga yadda kuɗin tiyar hatsi da na buhun shinkafa suka tashi. Kun ga ambaliyar 2024 da ta rushe gidaje da yawa a jiharmu.

Ikilisiya ma ba a kan tabarma ta girma ba. Masu bishara na SIM sun sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru suka buɗe a Tsibiri kusa da Maraɗi. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, lokacin masu iya karanta shi a ƙasar nan ba su da yawa. Waɗanda suka fara bi, wasu ta asibitin kutare na Danja suka shigo, wasu marayu ne, wasu an hana su mata saboda bangaskiyarsu. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Duk da haka ranar Lahadi aka taru, aka yi sujada, daga baya aka sake gini. Ba mun faɗi wannan don mu tayar da tsohon miki ba ne. Mun faɗa ne don ku san irin icen da kuka fito daga jikinsa: an sha sara shi, bai mutu ba.

LABARIN KUTUTTURE

Da yake mun ambaci icce, bari mu ba ku wani labari na gona, gama dukanmu manoma ne.

A farkon shekarun 1980 gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal. An sare itatuwa, iska tana kwashe ƙasa, rairayi yana binne shuka har mutum ya yi shuka sau biyu ko uku. Mata suna tafiya mai nisa neman icen girki, wasu suna dafa tuwo da kara da kashin shanu. Akwai wani ma'aikacin SIM, mutumin Ostiraliya, sunansa Tony Rinaudo, wanda aka ba aikin dashen itatuwa. Ana renon dashe, ana kaiwa ƙauyuka, ana dasawa, amma mafi yawansu suna mutuwa: rana ta ƙone, awaki su ci, gara ta cinye. Shi da kansa ya sha faɗa cewa ya kusa fid da zuciya.

Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayoyin motarsa ya wuce rairayi. Ya yi addu'a, ya roƙi Allah ya nuna masa abin yi. Sai idonsa ya kai ga wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda muke sharewa kowace shekara lokacin sassabe. Ya matsa kusa ya duba ganyen, ya ga ashe icce ne da aka sare tun da daɗewa, kututturen yana nan, saiwarsa tana da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara yana fitar da toho, kowace shekara ana sarewa a ƙone. Ashe dajin da ake nema da kuɗi da mota yana nan kwance a ƙarƙashin gonakin mutane.

Daga nan aka fara abin da muke kira sassabin zamani. Kun san yadda ake yi. In ka zo kan kututturen kalgo, ko sabara, ko gawo, ko aduwa, ba ka share shi duka. Sai ka zaɓi toho mafi ƙarfi da miƙewa, kamar uku zuwa biyar, ka yanke sauran, ka rage rassan ƙasa, ka tsare shi daga wuta da bakin dabba da gatarin mai wucewa. Saboda saiwar ta riga ta yi zurfi, cikin ƴan shekaru sai ka ga icce ya fi ka tsawo. A yunwar 1984 an ba mutane abinci a kan su bar itatuwa a gonakinsu. Da abincin ya ƙare, da yawa suka koma suka sare, har ana yi wa waɗanda suka bari dariya, ana ce musu masu ƙazamar gona. Amma masu ƙazamar gonar nan su ne suka fara samun icen girki da harawa da inuwa, iska kuma ta daina binne musu shuka. Maƙwabta suka gani, suka kwaikwaya, ba tare da an biya kowa ba. A Ɗan Saga ta gundumar Agye har kwamitin tsaron itatuwa aka kafa, maza da mata. Masana sun ƙiyasta cewa a ƙasar Nijar an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 ta wannan hanya. A 2018 aka ba Tony Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya a Suwidin, amma aikin hannun manomanmu ne.

TO, MECE CE DOGARA?

Ɗan'uwanmu mai tambaya, ga amsarka. Wanda ya rayar da saiwar nan a ƙarƙashin ƙasa duk shekarun fari, ba manomi ba ne, Allah ne. Wannan ba aikinka ba ne, kada ka hana kanka barci a kansa. Ayuba ma, cikin tsananin ciwonsa, a sura 14 ta littafinsa, ya lura da wannan hali na icen da aka sare. Amma wanda zai sunkuya da adda ya zaɓi toho ya tsare shi, kai ne. Mai dogara ga Allah shi ne wanda ya gaskata cewa akwai rai a inda idonsa ba ya gani, saboda haka ya fita da adda. Wanda bai gaskata ba, sai ya share kome ya cinna wuta. Wanda kuma ya ce ya gaskata amma ya kwanta a rumfa, akuya ce za ta ci tohon. Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Ku tuna da Yusufu a Masar. Allah ne ya nuna masa shekara bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa. Da ya sani, sai ya sa aka tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a rumbuna. Ku tuna da Na'omi, wadda yunwa ta fitar da gidanta daga Baitalami zuwa Mowab. Can ta binne mijinta da ƴaƴanta biyu, ta komo hannu wofi, ba ta kuma ɓoye ɗacin ranta ba. Allah bai tsauta mata don ta yi kuka ba. Taimakonsa ya zo ta hannun surukarta Rut, wadda ta tashi da sassafe ta tafi kala a gonar mutane. Saboda haka ba za mu ce muku mai bi ba ya jin yunwa ba, ba kuma za mu ce wanda ya ba da baiko mai yawa rumbunsa ba ya ƙarewa ba. Duk wanda ya yi muku irin wannan wa'azi, ku riƙe aljihunku.

LAIFINMU MU MANYA

Yanzu bari mu faɗi namu laifin a gaban dattawa. Shekaru kaɗan da suka wuce akwai wani yaro namu, shi ke buga mana ganga ranar Lahadi. Babansa ya rasu da damina, bashin hatsi ya hau kan gidan. Ya daina zuwa sujada. Muka ce ya yi sanyi, muka sa sunansa a addu'a, amma ba wanda ya taka ya je gidansu ya leƙa rumbu. Bayan girbi ya tafi arewa neman zinariya. Ya komo bayan shekara biyu ba kuɗi, ba lafiya, ya kuma koyi shan tiramol. Da muka je gaishe shi, ya ce mana, "Da ina nan ba ku zo ba." Ba mu sami abin cewa ba. Yau yana nan da rai, yana samun sauƙi, da izininsa kuma muka ba da labarin. Mun yi masa irin sassaben da: mun ga kurmi, ba mu sunkuya mun ga icce ba.

Kula da matasa ya fi tara ku sau ɗaya a shekara a yi waƙa a ci shinkafa. Aiki ne irin na mai sassabin zamani: a san kowane yaro da kowace yarinya da suna da halin gidansu, a ga baiwar da Allah ya sa a cikinsu, a rage abin da ke shanye musu ƙarfi, a tsare su har su kafu.

ABIN DA MUKA SHIRYA

Ba mu hana kowa tafiya ci-rani. Iyayenmu sun yi, mu ma mun yi, da kuɗin Kano da Katsina aka rufa ɗakuna da yawa a garin nan. Amma ga abin da muka yarda da shi tare da dattawa:

1. Duk mai tafiya ya faɗa wa iyayensa da mai kula da matasa garin da za shi da wanda zai sauka wurinsa. Za a ba shi takarda zuwa ikilisiyar garin. Kada a tafi ɗaiɗai, a tafi biyu ko uku.

2. Hanyar hamada ba hanya ba ce. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara, da yawa kuma daga yankin Kance, maƙwabtanmu na gabas. Wanda ya ce zai kai ka Aljeriya ko Libiya, ka biya daga baya, ka zo ka gaya mana kafin ka amsa.

3. Kowane mai tafiya zai sami mutum ɗaya a gida wanda zai riƙa kiransa a waya kowane mako, ya kuma riƙa leƙa iyayensa. An rubuta sunaye, za a karanta bayan jawabin nan.

4. Masu zama za su buɗe rumbun zumunta. Kowa ya kawo tiya biyu yanzu da hatsi ke da araha. Ba za a buɗe ba sai lokacin noma, sa'ad da gidaje ke sayar da akuya don su ci. Wanda ya ara zai maido bayan girbi. Gwauruwa da maraya, na gidan Kirista ko na Musulmi, za a duba su da farko.

5. Ƴanmata su koyi asusu wurin iyayensu mata. Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara shi a 1991, da ƴan kuɗin da mata ke zubawa mako-mako, yau ga shi ya bazu ƙasashe da yawa. Yarinyar da ke lakwal kuma, kada yunwar shekara ɗaya ta sa a cire ta a yi mata aure.

6. Kafin ruwan farko za mu yi gayya a gonakin tsofaffi da na waɗanda ƴaƴansu suka tafi. Kowane saurayi zai bar aƙalla kututture goma a gonar gidansu, ya ɗaura musu ƙyalle don a san da mai su.

RUFEWA

Ƙannenmu, ku dubi gawo. Da damina, sa'ad da kowane icce ke taƙama da ganye, shi yana tsaye kamar busasshe, hatsi yana girma a ƙarƙashinsa. Da rani, sa'ad da kome ya bushe, sai ya yi kore, dabbobi su sami abinci, matafiyi ya sami inuwa. Saiwarsa ce ta kai inda ruwa yake. Addu'ar safe da karatun Littafi da zumunta, su ne saiwarku, ba wanda yake ganinsu, amma rani zai nuna.

Mai tambaya, hatsin gidanku ba zai kai wata huɗu ba, mun ji. Gobe da safe mu biyu za mu zo mu zauna da mahaifiyarka mu yi lissafi tare. In tafiya ce ta kama, ka tafi da albarkarmu, ka komo kafin shuka.

Allah shi kiyaye masu tafiya, shi ƙarfafa masu zama, shi ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.