A Buɗe Wa Naƙasassu Ƙofar Ajin Manya

Magana ɗaya ce ta tara mu: ajin yaƙi da jahilci da ake yi da yamma a makarantar firamarenmu, me ya sa babu makaho a ciki, babu kurma, babu gurgu? Ba don babu su a garin ba. Yaran da shan inna ya kama shekaru ashirin ko talatin baya, kafin a tabbatar a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da cutar, yau magidanta ne da matan aure, kuma da yawansu ba su taɓa zama a benci ba. Abin da ya tare su, yadda muka shirya ajin ne, gyaransa kuwa yana hannunmu.

Wani zai ce ai sun girma, ga lalura, me zai shiga kai yanzu? Gemu dai ba ya hana ilimi, lalurar ido ko ƙafa kuma ba ta taɓa ƙwaƙwalwa. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana ƙarami, amma shi ya tsara Imfiraji, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Malamanmu sun fi ni sanin dalilin saukar Suratu Abasa: Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, baligi, neman sani ya kawo shi. Ku dubi kuma abin da rashin karatu ke jawowa. Kurma ya je wajen mai POS, ya miƙa katinsa da lambar sirrinsa ga wanda bai sani ba. Makauniya ta dangwala yatsa a takardar gonar gado, wani ne ya karanta mata, Allah kaɗai ya san ko abin da aka faɗa mata shi ne a rubuce. Mai lafiya in aka cuce shi yana iya bin sawu, su kuwa sai dai su bar wa Allah.

Na san za a ce wannan aikin gwamnati ne, a kai su makaranta ta musamman irin ta Tudun Maliki a Kano ko ta makafi da ke Gindiri tun 1953. Waɗannan makarantun yara ne, mai 'ya'ya biyar ba zai bar gidansa ya tafi makarantar kwana ba. Gaskiya ne gwamnati na da nata nauyin. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika, matakalar makarantarmu na nan yadda take, keken guragu na tsayawa a gindinta. Sai mu yi ta tuna wa kansila da hukumar ilimin manya, amma kafin su motsa, siminti kaɗan da magini ɗaya sun isa a yi gangare a bakin aji.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na malami: bai iya maganar hannu ba, bai san rubutun makafi ba. Wannan kam gaskiya ne, sai dai ba daga sifili za a fara ba. Kuramenmu suna da maganar hannunsu ta Hausa, wadda ta bambanta da ta makarantun boko mai asali da Amurka, kuma kusan kowane gida mai kurma akwai ƙane ko ɗa da ya iya ta. A zaunar da shi gefen malam. Malam kuma ya daina bayani fuskarsa na kallon allo, domin kurma bakinsa yake kallo, kuma a kunna fitila mai haske. Rubutun Braille ɗigo 6 ne ake sarrafawa, ana huda takarda da tsinke daga dama zuwa hagu kamar mai ajami, a juya ta a shafa da yatsa. Makaho ɗaya da ya yi makaranta zai iya koyar da goma, kuma a biya shi kamar kowane malami, ba sadaka ba. Kafin a samo shi, a riƙa naɗar darasi a waya ana tura masu.

Saura maganar abinci, don wasu da bara suke ciyar da iyali, kuma ba za mu ce wa mai yunwa ya zauna aji ba. Shi ya sa ba mu za mu tsayar masu da lokaci ba. Ranka ya daɗe Mai Unguwa, a kira Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, a kira matan su ma, su zaɓi ranakun da ba na kasuwa ba kuma ba Juma'a ba, su faɗi abin da suke son a fara da shi, lissafin kuɗi ne ko sa hannu. Sakataren kwamitin makaranta zai zauna a ƙofar gidan Mai Unguwa bayan La'asar yana rubuta sunaye, wanda ba zai iya fitowa ba a faɗi gidansu a je a same shi.